Sunan Zinnira a Bakin Mai Gadin Ƙofa

Ban taɓa kiran sunan 'yata da bakina ba. Ita ce ta fari, kuma a gidanmu na Gammo mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ko da ta yi digiri. Na yi digirin, na daɗe ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, amma boko bai taɓa wannan al'adar ba, ni ma ban so ya taɓa ta ba. In zan kira ta sai in ce "ke". In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". Rubutu dai ba kira ba ne, don haka zan rubuta: Zinnira Lawal, ta Unguwar Tudu a Gwarzo. Ta rasu tana da shekara ashirin da uku.

A Gammo aka haife ta, da damina, lokacin da na je gida haihuwa. Kakarta ce ta yaye ta, kuma da ta dawo hannuna ta ji ɗalibai suna ce mini Malama, sai ita ma ta ɗauka. Har ta bar duniya Malama take ce mini. Tun ba ta fara tafiya ba hannuwanta suka kumbura, na gane sikila ce kafin likita ya faɗa. Daga nan rayuwarta ta rabu gida biyu, kwanakin da jiki ya bar ta da kwanakin da bai bar ta ba. Ta gama sakandare da kyakkyawan sakamako, duk da cewa kowane zango sai ta yi makonni a kwance. Ta samu gurbin karatun kwamfuta a Kano, amma sanyi da zirga-zirga suka dawo da ita gida kafin shekara. Mahaifinta, Malam Lawal, ya sayo mata kwamfutar hannu ta gwanjo don ta rage kewa. Ba mu sa ran komai daga kwamfutar ba sai rage kewar.

Ina da wa, Yaya Maikuɗi, yana da ɗa mai suna Hambali. Shi da yarinyar taubasai ne, kuma sun riƙe wasan da gaske. Yana da ɗan shago a Kabo, yana cajin waya, yana tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi. In ya zo Gwarzo sai ya biyo gidanmu, ya ci tuwo, su yi ta tsiya. Ita tana ce masa Kan Kabewa, shi yana ce mata 'Yar Asibiti, kuma babu wanda ya isa ya ce mata haka ta yi dariya sai shi.

Wata rana yana zaune a tsakar gida yana wasa a wayarsa. Wasan na wani matafiyi ne da kogin garinsu ya ƙafe, ya tashi yana bin sawun kogin gari gari don ya gano dalili. Duk mutumin da ya tarar sai ya yi masa magana, maganar ta fito a rubuce cikin ɗan akwati a ƙasan allo. Hambali dannawa kawai yake yi, akwatin na wucewa.

Ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, "Me tsohon nan ya ce maka?"

"Oho masa. Turanci yake ta zubawa."

"Cewa ya yi kada ka bi ta gadar nan, ruɓaɓɓiya ce."

Ba ta rufe baki ba matafiyin ya faɗa rami. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙirji.

"Tun yaushe kake faɗawa nan?"

"Tun kafin azumi," in ji shi. "Na ɗauka haka wasan yake."

"Kan Kabewa ke nan. Bawan Allah yana ta yi maka nasiha kana danne masa baki."

"To ke da kika iya, ki koya masa Hausa mana."

Da wasa ya faɗa. Ita kuwa ta karɓi wayar ta kwafi wasan.

Ta yi kwanaki tana tona cikinsa har ta kai ga inda maganganun suke. Ta nuna mini, tun da ni ce kusa. Fayil ne dogo, kowane mutum na cikin wasan yana da lambarsa, a gaban lambar kuma ga abin da zai faɗa, a tsakanin alamomin zance. Abin da ke tsakanin alamomin za ka iya gogewa ka sa naka. Abin da ke wajensu kuwa, ko ɗigo ka taɓa wasan ba zai buɗe ba. Akwatin maganar ma yana da iyaka, in jimla ta yi tsawo sai wutsiyarta ta ɓace. Haruffanmu masu ƙugiya da farko ba sa fitowa, sai da ta zauna ta zana su da kanta ta cusa su cikin na wasan.

Na tambaye ta ko za ta gyara gadar, tun da ga ta a ciki. Ta ce, "Malama, ƙaddararsu ba a hannuna take ba. Gada za ta karye, wanda zai mutu zai mutu. Bakinsu kawai aka ba ni."

Bakin kuwa ta riƙe shi da kyau. Abu na farko da ta ƙi yarda da shi shi ne yadda mutanen wasan suke afka wa juna da zance ba sallama. Inda Bature ya sa kalma ɗaya, ita sai ta sa gaisuwa cikakkiya: an zo lafiya, ya hanya, ya aka baro mutanen gida, ya ruwa. Hambali ya ce samari za su gaji da dannawa. Ta ce wanda ya gaji da gaisuwa ya koma ya faɗa rami. Daga baya gaisuwar ce aka fi so.

Ba ta cika fita ba, amma tagar ɗakinta tana kallon lungu, kuma kunnenta ba ya barin komai. Maƙerin cikin wasan da bakin mai gyaran kekenmu yake magana, mai rantsuwa kafin a musa masa. Tsohuwar bakin rijiya kakarta ce ta Gammo, har da yadda take fara faɗa da "ni 'yar nan". Akwai kuma wani ɗan koli mai jaki da yake bin matafiyin ko'ina, ba ya taɓuka komai, amma in an ci yaƙi shi ne farkon ba da labari. Wannan ta sa masa "ai ka san ni", kalmar da ba ta barin bakin Hambali. Da ya gani ya yi ta murna, yana nuna wa mutane a shago yana cewa ga shi nan an sa shi a waya.

In ciwo ya kama yatsunta ba ta iya bugawa. Sai in dawo daga makaranta in zauna a gefen katifarta, in karanta mata Turancin, ta rufe ido ta faɗi Hausar, ni in buga. In na yi karambani na sa tawa sai ta ce, "Malama, wannan Hausar labaran rediyo ce. Wane maƙeri ne yake cewa 'bugu da ƙari'?" In goge. A haka na koyi aikin ba tare da na yi niyya ba. A haka kuma na zauna kusa da ita fiye da yadda al'ada ta saba barin uwa da 'yar fari, domin aiki muke yi, babu mai cewa komai.

Ta raba wasan kashi uku, ta kira shi Bin Sawun Kogi. A allon farko, kafin matafiyi ya fito, ta sa layi ɗaya: "Zinnira Lawal ce ta mayar da shi Hausa." Ta so ta koya wa Hambali aikin don ya taya ta. Ta nuna masa yadda ake buɗe fayil a canza layi, a kan wannan layin na farko ta gwada masa. Yana ganin tsawon sauran ya ce kansa na ciwo. Shi dai nasa turawa, kuma ya tura. Kashi na farko ya bazu daga Kabo zuwa Gwarzo, ya shiga Masanawa, ya shiga wayoyin 'yan acaɓa da teloli da masu jiran shago. Wanda ya samu sai ya tura wa na kusa da shi, waya zuwa waya. Wata rana tana kwance ta ji samari biyu a lungu suna gaisawa da kalaman maƙerinta. Ta juya fuskarta bango, amma na ga kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ta gama kashi na biyu da kaka. Da sanyi ya shigo ciwon ya sauka a ƙirjinta. An yi abin da za a iya yi a asibiti, ba ni da ƙorafi a kan kowa. Ranar da ta samu ɗan sauƙi, da hantsi, ta ce mini, "Malama, mutanen garin ƙarshe har yanzu ba su iya gaisuwa ba." Na ce za su iya. Washegari ta cika.

Mata ba sa raka gawa, kuma ba ma rubuta suna a kabari. Mahaifinta ya san wurin, ni ban sani ba. Wuri ɗaya na sani a duniya da sunanta yake tsaye a rubuce inda mutane suke gani, shi ne allon farko na wasan nan. Nakan buɗe kwamfutar in dube shi, in rufe.

Ba a yi sadakar arba'in ba na koma aiki. Ran nan na fito daga makaranta na tarar da ɗan acaɓan da ya saba kai ni gida yana jira, ya sunkuyar da kai a waya. Na ji kiɗan buɗe wasan, na san shi. Na dubi allon. An rubuta: "Hambali Kabo ne ya mayar da shi Hausa."

Na ce ya ba ni in gani. Na karanta sau biyu. Sauran haruffan duk nata ne, har da masu ƙugiyar da ta zana.

"Ai Hambali gwani ne, Hajiya," in ji ɗan acaɓan. "Duk shi ya rubuta. Wai da akwai wata 'yar gwaggonsa da take taya shi bugawa, Allah ya yi mata rasuwa. Sabon da yake turawa ke nan, ya ce tsohon yana da matsala, kowa ya goge."

Na mayar masa da wayarsa na hau, ya kai ni gida.

Na gaya wa Malam. Ya ce Hambali yaro ne, a bar wa Allah, abin da ta yi Allah ya gani. Na ce haka ne. Ban ƙara tayar da maganar ba. Bayan la'asar na buɗe fayil ɗin kashi na uku.

Na karanta garin ƙarshe tun daga farko har ƙarshe kafin in taɓa komai. Ga yadda masu wasan suka gina shi. Matafiyi zai iso ya tarar da mutanen gari a tsaitsaye cikin baƙin ciki. A ƙarshen garin akwai ƙofa, bayanta mafarin kogin yake. Mai gadin ƙofar yana yin tambaya ɗaya, ya ba ka amsa biyu ka zaɓa. In ka zaɓi ta sama ya buɗe. In ka zaɓi ta ƙasa ya ɗaga ka ya jefar bayan gari, sai ka sake doguwar tafiya. Kuma ba zai ma kula ka ba sai ka yi magana da kowa a garin. Ba ni da ikon canza ko ɗaya daga wannan, kuma ban buƙaci canzawa ba.

Na yi watanni ina aikin, tsakanin la'asar da magariba. Na fassara kashi na uku duka, yadda na san za ta so. In na rubuta jimla sai in karanta a hankali in ji ko za ta ce Hausar rediyo ce. Da na iso garin ƙarshe na yi shi iri biyu. Na farko fassara ce tsantsa, abin da mutanen suka faɗa da Turanci shi suka faɗa da Hausa, da gaisuwarsu cikakkiya. Na biyun nawa ne. Na sa wa kaina sharaɗi biyu a kansa: babu zagi, babu ƙarya. Layi ɗaya na bari babu komai, na ɗan koli mai jaki, domin ban san abin da zai ce ba tukuna. Na zuba kowanne a katin ajiya na waya daban, wanda ake ce wa memori, na ajiye.

Na san zai zo. Samari sun dame shi da tambayar kashi na uku, shi kuma ya yi ta cewa yana kan aiki. Bayan babbar salla ya yi sallama, da ledar lemo a hannu. Tun zaman makoki bai tako gidan ba. Ya durƙusa daga bakin tabarma.

"Gwaggo, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ya Yaya? Ya mutanen Gammo?"

"Duk suna gaishe ki."

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya yi ta murza hularsa. Can ya ce ko marigayiya ta bar wani abu a kwamfuta, na ƙarshen wasan nan, don kada wahalarta ta tafi a banza.

Na ce, "Akwai. An gama shi."

Fuskarsa ta washe. "Kai, 'Yar Asibiti! Ashe ta gama ba ta gaya mini ba."

Ban gyara masa ba. Na shiga ɗaki na fito da katin biyu, ɗaya a kowane hannu, na zauna.

"Hambali, na ga allon farko."

Ya dubi ƙasa, amma bai daɗe ba. Ashe ya riga ya shirya amsa.

"Gwaggo, wallahi don ita na yi. Kin san wasa lagawu ne, ɓata lokaci. Wani zai bar salla yana dannawa, wani zai bar aiki. In sunanta na kai, duk alhakin nan kabarinta zai riƙa bi. Ga shi kuma mace ce, sunanta na yawo a aljihun 'yan acaɓa. Ni na ga gara in rufa mata asiri."

"Sai ka ɗauki alhakin a kanka."

"Ai ka san... ai kin san ni, Gwaggo. Ni namiji ne, zan iya."

"Allah sarki. Me ya hana ka bar wurin ba sunan kowa?"

Ya yi 'yar dariya. "To ai mutane sai sun san wurin wanda za su zo. Kuma ni da ita ba ta ɓaci. Da tana nan dariya za ta yi, ta ce Kan Kabewa ya yi mata fashi."

"Da tana nan," na ce. "Ina roƙonka abu ɗaya, ni gwaggonka. Ka mayar da sunanta. Ka gaya wa masu zuwa shagonka ita ta yi."

"Gwaggo, yanzu in na canza ai sai a ce da ƙarya nake. Ki bari a saki wannan tukuna, in ya lafa sai a san yadda za a yi. Wanda ya mutu ai ba ya buƙatar suna, addu'a yake buƙata."

Na dube shi. Na ga yaron da na goya a bayana a Gammo kafin in yi aure. Na ce ya dawo da yamma ya karɓa, akwai layi ɗaya da ban ƙarasa dubawa ba. Da ya fita na cike layin ɗan koli. Da ya dawo na ba shi katin hannun hagu, mai ɗauke da nawa rubutun.

Abin da na dogara da shi halinsa ne, wanda na sani tun ranar gada. Hambali ba ya karanta abin da ke cikin akwati. Kafin mutum ya kai garin ƙarshe sai ya yi kwanaki yana wasa, ga shi washegari kasuwa. Na bar sunanta a allon farko. Ya buɗe, ya goge, ya sa nasa, ya tura wa duk wanda ya miƙo waya. Kafin rana ta faɗi wasan ya bar hannunsa, ya bar nawa.

Ga abin da mai wasa yake tararwa in ya isa. Mutum na farko a bakin gari zai ce: "Sannu da zuwa, baƙo. Ka same mu cikin makoki. Wadda ta koya mana magana ce ta rasu." Maƙeri zai ce: "Wallahi tallahi da hannu a kumbure ta yi mu. In yatsu sun ƙi, sai ta faɗa a rubuta." Tsohuwar bakin rijiya za ta ce: "Ni 'yar nan! Ba a yi arba'in ba aka goge sunanta daga ƙofar gida. Zinnira sunanta, 'yar Malam Lawal, ta Unguwar Tudu." Kowa da guntun da zai faɗa, kuma kowa sai ya gaishe ka ya yi maka ta'aziyya kafin ya faɗa. Daga ƙarshe ga ɗan koli a jikin jakinsa: "Ai ka san ni. Ni na goge na sa nawa. Wanda ya mutu ai ba ya buƙatar suna, addu'a yake buƙata."

Sannan mai gadi ya tambaya: "Wa ya ba mutanen ƙasar nan bakin Hausa?" Amsar sama Zinnira Lawal. Amsar ƙasa Hambali Kabo.

An ce da yawa sun fara zaɓar ta ƙasa don su ga abin da zai faru. Mai gadi ya ɗaga su ya jefar, yana cewa, "Koma ka tambayo." Babu wanda ya ga mafarin kogin sai da ya danna sunanta da yatsansa.

Labarin ya riƙa zuwa mini a gutsure. An ce samari sukan tsaya a gaban shagonsa su yi sallama cikin ladabi, su ce, "Ɗan koli, ina jakin?" An ce in ya fara ba da labari a majalisa sai wani ya ce, "Koma ka tambayo." Ya yi ƙoƙarin gyara fayil ɗin, ya taɓa abin da ke wajen alamomin zance, nasa ya daina buɗewa. Ko da ya iya ma, na mutane yana aljihunsu. Yanzu ƙaninsa ne yake zama a shagon, shi ya koma gona a Gammo, kuma an ce maganar aurensa da ake yi a Masanawa ta tsaya.

Yaya Maikuɗi ya zo da kansa. Bai zauna a tabarmar da na shimfiɗa ba.

"Uwaliya, ɗanki ne fa. Ke kika goya shi."

"Na sani, Yaya."

"Ya yi kuskure, sai ki kira ni. Ina raye. Da na sa shi ya gyara, ko da mari ne. Amma ki ɗauki yaro ki kai shi kasuwa ki tuɓe shi? A wayar kowane ɗan iska?"

"Na roƙe shi a nan inda kake tsaye. Abin da ya amsa mini shi na rubuta. Ka nuna mini kalma ɗaya da ba haka take ba, in je Kabo in ba shi haƙuri a gaban mutane."

"Ba a wannan ake ba! Wadda ta tafi ta tafi. Mai rai kike kashewa saboda suna, sunan da ke kanki ba kya faɗa."

Wannan ta shige ni, kuma ya san za ta shige ni. Na ce, "Ni ban faɗa ba don kunya. Shi ya goge don ya sa nasa. In a wurinka ɗaya ne, to."

Malam ne ya gaya masa akwai ɗaya katin, mai fassara tsantsa. Yaya ya ce in ba shi, a tura shi, ƙila ya danne wancan. Na ce zan bayar ranar da Hambali ya tsaya a bakin shagon nan, ranar kasuwa, ya faɗi da bakinsa wadda ta yi aikin. Yaya ya sa takalminsa. Tun daga ranar bai sake zuwa ba, kuma da aka yi suna a gidansa ba a aiko mini da goro ba.

Malam ya tambaye ni ko na huce. Na ce a'a. Ya ce yana tsoron da yarinyar tana nan ba za ta so a yi haka da garinta na ƙarshe ba, ita da ta so su koyi gaisuwa kawai. Ban musa ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Garin da ta so yana cikin katin da ke akwatina, babu wanda ya taɓa shigarsa, kuma Hambali ne ya riƙe ƙofarsa, ba ni ba.

Da damina ta kama, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, aka yi sallama a zaure. Malam ba ya nan, na sa mayafi na leƙa. Samari ne su huɗu a kan babura biyu, ƙafafunsu duk taɓo. Ban san ko ɗaya ba. Suka cire takalma suka durƙusa. Babbansu ya ce daga Masanawa suke, teloli ne.

"Inna, don Allah nan ne gidan su Zinnira?"

Na ce nan ne.

"Mun zo ta'aziyya ne. Ba mu ji da wuri ba, sai a wasa muka gani. Ya haƙuri?"

Na ce da godiya. Suka ɗaga hannu suka yi mata addu'a mai tsawo, suna kiran sunanta da na mahaifinta, ni ina amsawa da amin daga bayan ƙofa. Na kawo musu ruwa suka sha. Da za su tafi ƙaraminsu ya tambaya ko gaskiya ne akwai wani garin ƙarshe na daban, don haka ake faɗa a Kabo. Na ce akwai. Ya ce yaushe za a sake shi.

Na ce su je Gammo su tambayi Hambali.